Haƙuri da Madogaransa: Tarihin Magance Damuwa a Ƙasar Faskari, Ƙanƙara da Sabuwa

Gabatarwa

Damuwa ba baƙuwa ba ce ga ɗan Adam, amma yadda kowace al'umma take tarbarta ya danganta ne da tarihinta da irin zaman da take yi. Manufar wannan maƙala ita ce bin diddigin hanyoyin da mutanen kudu maso yammacin ƙasar Katsina, watau yankin da a yau ya ƙunshi ƙananan hukumomin Faskari da Ƙanƙara da Sabuwa, suka bi wajen ɗaukar nauyin damuwa da fargaba, tun daga ƙarni na 19 har zuwa wannan zamani. An zaɓi wannan yanki ne domin ya ɗanɗana zaman ɗar-ɗar har sau biyu, na farko a zamanin hare-haren bayi, na biyu kuwa a zamanin 'yan bindiga, kuma tsakanin biyun ya sami shekaru kusan ɗari na zaman lafiya. Abin da za a yi ƙoƙarin nunawa shi ne, haƙurin da aka san Bahaushe da shi bai taɓa tsayawa shi kaɗai ba. Yana da madogarai uku, watau tanadi da jama'a da imani, kuma gwargwadon ƙarfinsu gwargwadon nauyin kalmar "yi haƙuri" a kunnen wanda aka gaya wa.

Sunayen damuwa a bakin Bahaushe

Kafin a shiga tarihi ya kamata a dubi harshe, domin shi ne yake nuna yadda mutane suka karkasa abin da yake damunsu. Tsoro na abin da ake gani ne ko aka san zuwansa. Firgita da razana na abin da ya faɗo ba zato ne. Fargaba kuwa, wadda asalinta faɗuwar gaba ne, ita ce halin mai jiran mugun labari. Zullumi shi ne jujjuya abu a zuci kafin ya auku. Taraddadi da waswasi an aro su ne daga Larabci, na farko yana nufin kai-komon zuciya, na biyu kuwa yana da nasaba da raɗar Shaiɗan. Baƙin ciki da ƙunci na abin da ya riga ya faru ne. Har zaman mai damuwa ma yana da suna, shi ne tagumi, kuma al'ada ce idan aka ga mutum ya yi tagumi a janye masa hannu daga kunci.

Abin lura a nan shi ne, duk waɗannan Bahaushe yana auna su da ma'auni ɗaya, watau hankali. Mai damuwa hankalinsa ya tashi, wanda ya sami sauƙi kuwa hankalinsa ya kwanta. Ke nan ana ɗaukar damuwa tamkar ƙurar da iska ta tayar, wadda za ta lafa idan abin da ya tayar da ita ya wuce. Fulanin da suke zaune a wannan yanki su ma suna da kalmar munyal, wadda ta yi daidai da haƙuri, kuma tana cikin ginshiƙan ɗabi'ar da suke kira pulaaku. A lacca da ya buga a 1974 a kan mutumin kirki a wurin Hausawa, Kirk-Greene ya lissafa haƙuri cikin halayen da ake auna mutum da su, tare da gaskiya da amana da karamci da kunya da sauransu.

Zamanin hare-hare

Wannan yanki yana cikin ɓangaren da ake kira Katsinar Laka, mai ƙasa mai albarka da isasshen ruwan sama, inda dawa da auduga suke yi sosai. Dr. Yusufu Bala Usman, a littafinsa na tarihin Katsina da aka buga a 1981, ya nuna muhimmancin tsofaffin garuruwan wannan shiyya irin su Kogo da Pauwa da Maska da Gozaki, da kuma 'Yandoto ta wajen yamma, wadda ta shahara da malamai. Sarautar Kogo da ta Sarkin Pauwa suna nan har yau cikin sarautun hakiman Katsina.

Bayan da masu jihadi suka ci birnin Katsina a 1807, zuriyar tsofaffin sarakuna ta koma arewa ta kafa Maraɗi, daga can kuwa ta yi ta kawo hari ƙasar Katsina kusan tsawon ƙarnin duka. Dajin Rugu ya zama hanyar mahara, garuruwa da yawa na yammacin Katsina suka tashi. Bajamushen nan Barth, wanda ya ratsa Katsina a 1851 da 1853, ya ga yadda birnin ya ragu da yadda matafiya suke bin hanya a tsorace. A ƙarshen ƙarnin kuma wata fitinar ta ɓullo daga kudu, inda mayaƙan Sarkin Sudan na Kwantagora, Ibrahim Nagwamatse, suka riƙa kama mutane a ƙasar Birnin Gwari da arewacin Zazzau, maƙwabtan Sabuwa. A littafin Baba of Karo na 1954, wanda Mary Smith ta rubuta daga bakin wata dattijuwa a Giwa, akwai labarin yadda aka kama mata da yara na gidansu, da yadda dangi suka tara wuri suka fanso su. Ashe kuɗin fansa ba sabon abu ba ne a wannan ƙasa.

To, yaya mutane suka rayu cikin wannan hali ba su zauce ba? Amsa ta farko ita ce tanadi. Gari yana da ganuwa da ƙofar da ake rufewa da dare, sau da yawa kuma akan bar fili a cikin ganuwar domin noma da ɗaure dabbobi idan an kewaye garin. Ƙananan garuruwa sukan yi shinge na ƙaya da sarƙaƙiya, waɗanda suke kusa da duwatsu kuwa sukan hau su fake. Aikin gyaran ganuwa na kowa da kowa ne, akan yi shi bayan damina. Haka kuma manyan yaƙe-yaƙe galibi da rani ake yinsu, bayan an kawar da amfanin gona. Saboda haka tsoron wancan zamani yana da lokaci, yana da inda yake fitowa, yana kuma da abin da mutum zai yi da hannunsa domin ya rage shi. Wanda ya yini yana ɗaukar ƙasa zuwa ganuwa ya san ya yi wani abu game da abin da yake tsoro, barcinsa kuwa ba ɗaya ba ne da na wanda yake jira kawai.

Zamanin Turawa: haraji da yunwa

Turawan Ingila sun karɓi Katsina a 1903, ba da daɗewa ba kuma hare-haren bayi suka ƙare. A zamanin Sarki Muhammadu Dikko, wanda ya rasu a 1944, mutane suka fito daga cikin ganuwa suka bazu a daji suna sara sababbin gonaki. Yawan ƙauyukan da sunayensu suka fara da Unguwar wane ko Hayin wane ko Sabon Layi shaida ce ta irin wannan bazuwa. A shekarun 1920 aka kafa gonar irin auduga a Daudawa, jirgin ƙasa kuma ya iso Funtuwa a kan hanyarsa ta zuwa Gusau da Ƙauran Namoda. Ganuwa ta zube ba wanda ya damu da gyaranta, domin ba a ga amfaninta ba kuma.

Sai dai damuwa ba ta tafi ba, kamanni ta sake. Haraji da jangali sun zama na tsabar kuɗi, kuma lokacin karɓar haraji yakan zo daidai da kaka, sa'ad da hatsi ba shi da daraja. Talaka yakan sayar da abincinsa da araha, ya dawo ya saye shi da tsada da bazara, ko ya ci bashin falle da zai biya da dami idan an yi girbi. Daga nan cin rani ya yawaita. Ga kuma yunwa da ta riƙa waiwayo ƙasar Hausa, kamar ta 1913 zuwa 1914, da ta 1927 da ake kira 'Yar Buhu, da ta 1942 da ake kira 'Yar Gusau, sa'an nan farin 1972 zuwa 1974. Michael Watts, wanda ya yi bincike a Kaita ya buga littafinsa a 1983, ya nuna cewa tsarin haraji da kasuwa na zamanin Turawa ya raunana dabarun da manoma suka gada na jure wa fari. Haraji bai gushe ba a wannan yanki sai a 1979, lokacin da gwamnatin Alhaji Balarabe Musa ta soke shi a tsohuwar Jihar Kaduna, wadda Katsina take ciki har zuwa 1987.

Ganuwar wannan zamani ita ce rumbu. Mai gida nagari yakan rufe rumbun gandu bayan kaka, ba za a buɗe shi ba sai damina ta faɗi an shiga noma, lokacin da abinci yake wuya. Manomi yakan haɗa gero da dawa da wake a gona ɗaya, domin in wani ya ƙi wani ya yi. Mace takan yi kiwon akuya ko tunkiya, ta zuba adashi, ta tara kwanoni, duka domin ranar da ba a fata. Wannan shi ne ma'anar karin maganar da ke cewa rigakafi ya fi magani.

Jama'a

Madogara ta biyu ita ce jama'a, kuma a nan ne al'adar Hausa ta fi nuna gwaninta. Ba a barin mutum ya kwana da damuwarsa shi kaɗai. Kowace irin masifa tana da ziyarar da ta dace da ita: mara lafiya a je masa dubiya, wanda ya yi hasara ko gobara a je masa jaje, wanda aka yi wa rasuwa a je masa ta'aziyya, wanda ya kuɓuta a je masa barka. Zaman makoki da sadakar uku da ta bakwai da ta arba'in sun raba baƙin ciki zango-zango, yadda mai shi ba zai haɗiye shi gaba ɗaya ba. Gaisuwa ma kanta bincike ce. Wanda ya tambayi gajiya da iyali da aiki da kwanan gida yana sauraren murya ne, ba amsar kaɗai ba, domin amsar kullum "lafiya lau" ce.

Ta fuskar aiki, gandu ya haɗa uba da 'ya'yansa a gona ɗaya da tukunya ɗaya, kuma mai gida ne yake ɗauke da harajinsu da aurensu. Wanda ciwo ya kwantar da damina akan kira masa gayya. Zakkar hatsi, dami ɗaya cikin goma, takan kai ga malami da gajiyayye. Mata suna da ƙawance da biki, inda abin da aka kawo wa mace ranar sunanta ko auren 'yarta yake zama bashin da za ta mayar da ƙari. Ba don kuɗin kaɗai ake yi ba, don a san cewa akwai waɗanda za su zo ne.

Akwai kuma hanyoyin sauke nauyin zuciya ta raha. Da kaka akan yi kalankuwa da dambe da kokawa. Da dare 'yan mata suna dandali, yara suna wajen tatsuniya, dattawa suna hira a zaure. Da azumi akwai tashe, wanda yake ba yara damar yi wa manya ba'a ba tare da laifi ba. Wasan taubasai da na jika da kaka, da na ƙabilu kamar Fulani da Barebari ko Katsinawa da Nufawa, ya buɗe ƙofar faɗin magana mai ɗaci cikin dariya. Ranar kasuwa kuwa, kamar ta Sheme, ba ranar ciniki kaɗai ba ce. A nan Bahaushe da Bafulatani suke haɗuwa, a ji labarin dangi, a sasanta rikicin gona da shanu tun bai girma ba.

Malami da boka da likita

Madogara ta uku ita ce imani. Musulmi yana ɗaukar abin da ya same shi a matsayin ƙaddara da jarrabawa, wannan kuwa yana kuɓutar da shi daga cin zuciyarsa da tambayar me ya sa. Mai damuwa yakan je wurin malami a yi masa addu'a ko tofi ko rubutun sha, a umurce shi da sadaka. Gari kuma idan abu ya tsananta yakan yi saukar Alƙur'ani ko alƙunutu ko roƙon ruwa. Wannan hanya tana da tushe a rubuce-rubucen masu jihadi. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya yi rubutu a kan magani, Nana Asma'u kuma ta wallafa Tabshirul Ikhwan a 1839 a kan fa'idojin surorin Alƙur'ani ga masu neman sauƙi. Amma malamai ba su raba tawakkali da sababi ba, kullum sukan kawo misalin mai raƙumi da aka umurta ya ɗaure shi tukuna sa'an nan ya dogara ga Allah.

A gefe guda kuma akwai bori, musamman a tsakanin Maguzawa da matan aure. Wadda ta rame ba ciwo, ko ta daina magana, ko firgita ta yi mata yawa, akan ce iska ce, a yi mata girka. Murray Last, wanda ya zauna da Maguzawan ƙasar Malumfashi daga 1969 zuwa 1972, da Lewis Wall, wanda littafinsa a kan maganin Hausa ya fito a 1988, duk sun yi aiki a maƙwabtan Ƙanƙara. Bincikensu ya nuna cewa lafiya a wurin Bahaushe ta wuce rashin ciwo, ta haɗa da daidaituwar zama tsakanin mutum da iyalinsa da maƙwabtansa. Ko me mutum zai ce game da aƙidar bori, girka tana tara dangi a kan mara lafiya, a kashe mata kuɗi, a saurare ta kwana da kwanaki. Daga shekarun 1990 ruƙiyya ta maye gurbin bori a wurare da yawa.

Asibiti shi ne ya zo a ƙarshe, kuma ya daɗe bai san da damuwa ba sai hauka. Dokar mahaukata ta 1916, wadda aka sabunta a 1958, ta tsarewa ce ba ta magani ba, kuma ita ce ta ci gaba da aiki har zuwa Janairun 2023 da aka sa hannu a kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa. Abin sha'awa shi ne, gwajin da ya fi shahara a Nijeriya a wannan fanni, wanda Dr. Adeoye Lambo ya fara a Aro kusa da Abeokuta a 1954, ya ginu ne a kan zaunar da marasa lafiya a ƙauye tare da danginsu, watau abin da jama'a suka riga suka sani. Manyan asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya da mutumin Faskari zai nufa, kamar na Barnawa a Kaduna da na Kware a Sakkwato, suna da nisa da tsada. Saboda haka damuwa takan isa ɗakin shan magani ne da sunan ciwon kai ko rashin barci ko hawan jini.

Fargabar wannan zamani

Tun kafin fitinar yanzu madogaran nan sun fara sassautawa. Shirin bunƙasa noma na Funtuwa, wanda aka fara a 1975 da taimakon Bankin Duniya, ya yaɗa masara da takin zamani a wannan yanki. Amfani ya ƙaru, amma noma ya koma na mai kuɗi, gandu ya riƙa watsewa, ƙwadago ya maye gurbin gayya. Gonaki suka ci burtali da makiyaya. Wasu matasa suka nemi mantuwa a ƙwaya da maganin tari, har Gwamnatin Tarayya ta hana yin maganin tari mai kodin da shigo da shi a watan Mayun 2018.

Satar shanu da ta tsananta a Zamfara ta ƙetaro ta dazuzzukan da suka haɗa yankin da Tsafe da Birnin Gwari. A watan Maris na 2014 aka kai mummunan hari a Maigora da ƙauyukan da ke kewaye da ita. A watan Yunin 2020 aka kashe mutane da dama a Kadisau ta ƙasar Faskari. A daren 11 ga Disamba 2020 aka kwashe ɗaliban makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara, aka sako 344 daga cikinsu ranar 17 ga wata. Su ma Fulani makiyaya da ba ruwansu sun rasa shanu a hannun ɓarayi, sun rasa rayuka a hannun 'yan sa-kai. Gwamnati ta gwada sulhu a 2019. A 2021 ta rufe hanyar Ƙanƙara zuwa Sheme, ta hana cinikin shanu a kasuwanni da dama, aka kuma katse layukan waya na wani lokaci a ƙananan hukumomi 13, har da waɗannan uku. A 2023 aka kafa rundunar tsaro ta 'yan ƙasa.

Idan aka gwada wannan da ƙarni na 19 za a ga bambanci mai muhimmanci. Maharin yau yana bisa babur, ba shi da rani ba shi da damina, ƙauyukan da zaman lafiya ya baza kuwa ba su da ganuwa. Daɗin daɗawa, fitinar ta faɗa wa magungunan damuwar ne kansu. Rumbu ana ƙone shi ko a kwashe, gona mai nisa ba ta nomuwa sai an biya. Dandali da hirar dare sun mutu a inda ake kwana a daji. Zumunta a ƙafa take, ga shi hanya ta zama abin tsoro, har jaje da ta'aziyya sukan gagara. Kuɗin fansa yana cinye gona da shanu da adashin dangi gaba ɗaya, ya bar su da bashi da jin nauyin juna. Kasuwar da take haɗa Bahaushe da Bafulatani ta zama wurin zargi, tsoron masu kai rahoto kuma ya sa maƙwabci yana tauna magana a gaban maƙwabcinsa. Wanda ya yi gudun hijira zuwa Funtuwa ko Katsina ya tsira da ransa, amma ya bar mutanen da suka san sunan kakansa.

Kammalawa

Daga abin da ya gabata za a fahimci cewa mutanen wannan yanki ba su taɓa ɗaukar damuwa a matsayin matsalar mutum ɗaya ba. Sun yi mata ganuwa da rumbu, sun yi mata ziyara da wasa, sun kai ta gaban malami. Da suka ce mahaƙurci mawadaci, suna magana ne a kan mutumin da yake da dangi a bayansa da hatsi a rumbunsa, wanda ake sa ran wuyarsa za ta wuce. Imani yana nan da ƙarfinsa, shi ne ma ya riƙe mutane da yawa a waɗannan shekaru, amma addinin da ya yi umurni da haƙuri shi ne ya yi umurni da ɗaure raƙumi da taimakon wanda aka zalunta.

Wannan yana da darasi ga masu neman taimaka wa jama'ar yankin. Horar da ma'aikatan ƙananan asibitoci su gane damuwar da ta ɓuya a bayan ciwon kai abu ne mai kyau, haka nan haɗa kai da limamai da malaman makaranta da ungozoma, waɗanda su ne ake fara kai wa kuka. Yaran da aka sace aka sako, da matan da aka kashe mazajensu a gabansu, suna bukatar kulawa ta musamman wadda jaje kaɗai ba zai wadatar ba. Amma tarihi ya nuna cewa hankali ba ya kwanciya sai abin da ya tayar da shi ya lafa. Buɗe hanya da kasuwa, da komawar manomi gonarsa da makiyayi burtalinsa, suna cikin maganin damuwa kamar yadda ƙwayar likita da addu'ar malami suke ciki. Akwai kuma aiki a gaban masu nazarin harshe da al'ada, shi ne tattara sababbin kalmomi da karin magana da salon gaisuwa da wannan zamani ya haifar a Faskari da Ƙanƙara da Sabuwa, tun waɗanda suka ga abin da idonsu suna raye.